Waƙar da Tasalla Ba Ta Yi Ba

Da sunan Wanda ya halicci harshe, ya halicci kunne, ya sa amana a tsakaninsu, nake buɗe wannan labari. Ku matso kusa, ku da kuka saba jin kiɗana, yau magana na zo da ita. Ni ne Nomau ɗan Arzika, makaɗin kalangu, mutumin Tarmasu, garin da ke gindin Dutsen Jan Ƙarfe, inda gonakin gero suka miƙe har iyakar ganin ido. Na keta hamada, na haye kogi, na shiga birnin da bangayensa ke sauya kama, na dawo da abin da na je nema. Amma har yau in aka tambaye ni ko na yi nasara, sai in yi shiru.

Mu biyu iyayenmu suka bari a duniya, ni ne ɗan fari, sai ƙanwata Tasalla. Ita Allah ya ba murya, ni ya ba ni hannu. Biki ko suna ko gayya, in ba Tasalla a wurin, sai ka ji ana cewa taron bai yi armashi ba. Tana rerawa ina kaɗa mata, da haka muke ci, da haka muke sutura.

Wata shekara fatake suka fara kawo wasu ƙananan akwatuna baƙaƙe, kowanne bai wuce tafin hannu ba. In ka ajiye shi ya sha rana, sai ya yini yana rera maka waƙa. Da fari waƙoƙin baƙin ƙasashe ne a ciki. Daga baya fataken suka riƙa roƙon mutane su yi waƙa a gaban akwatin, su ba su madubi ko turare. Tasalla ta yi musu sau da yawa. Mahaifiyarmu ma, kafin rasuwarta, ta yi musu waƙar niƙa tana dariya. Babu wanda ya kawo komai a ransa.

Ran wata kasuwa, farkon damina, ina wucewa ta rumfar mahauta sai na ga mutane sun yi cincirindo. A tsakiyarsu wani akwati na rera zambo da muryar ƙanwata. Magaji Barmo, mai mulkin garinmu, shi ake yi wa. Waƙar ta ce ya sayar da rumbunan gari a shekarar yunwa, ta yi wa ɗingishinsa ba'a, har ta taɓa mahaifiyarsa. Hatta yadda Tasalla ke jan numfashi kafin amshi yana ciki. Kiɗan da ke bin waƙar ne kaɗai ba nawa ba, wani kiɗa ne salam, marar gishiri.

Kafin la'asar dogarai sun tafi da ita. A gaban fada ta rantse ba ta taɓa furta waɗannan kalmomi ba, Magaji ya ce kunnuwansa sun ishe shi shaida. Ya yanke hukunci a cire mata harshe. Na faɗi ƙasa ina roƙo, dattawan gari suka sa baki, da kyar ya yarda a jinkirta har a yanke gero. Ya ce in kafin nan na kawo hujjar cewa akwati na iya faɗin abin da mai murya bai faɗa ba, zai sake ta. In ban kawo ba, wanzami zai yi aikinsa.

Na same ta a kurkuku, wani ɗaki mai danshi a bayan fada. Ta leƙo ta tsagar ƙofa ta ce, "Yaya, kai ma ka ji ta. Gaya mini gaskiya, ka yi zaton ni ce?"

Na ce mata ko kusa. Ta ce ita kam da suka kunna mata a fada, sai da ta yi shakkar kanta, ta riƙa tunanin ko cikin barci ta yi, ko iska ce ta hau ta. Wannan magana ta fi hukuncin Magaji ci mini rai. Na rataya kalanguna, na bi ayarin da ke shirin komawa inda akwatunan ke fitowa.

Madugun ayarin sunansa Jatau, jan mutum mai fara'a da yawan kyauta. Da ya ji labarina sai ya girgiza kai, ya ce in ci daga tukunyarsa har mu isa. A hanya ya ba ni labarin Birnin Zarnuƙ, bayan Hamadar Farin Yashi da Kogin Balma. Ya ce a can akwai wata kwamfuta da girmanta ya kai unguwa guda, mutanen birnin na kiranta Gwana. An ciyar da ita duk waƙar da aka samu, da zane, da tatsuniya, da saƙa, har ta kai yanzu ita ma tana yin nata. Abin da duk ka nema sai ta yi maka kafin ka rufe baki.

A hamada na fara ganin aikinta. 'Yan fashin wannan yanki ba su tare hanya da takobi. Hotuna suke saye daga Gwana, su kafa su a sarari, su ɓoye su jira. Wata rana da tsakar rana muka iso bakin wani kwazazzabo mai zurfi, muka tarar da gadar dutse faffaɗa a kansa, har da sawun raƙuma da kashinsu. Jatau ya ce bai san da ita ba, amma ai kullum gine-gine ake yi. Wani bafatake da ake kira Dogo ya zaburi raƙuminsa ya yi gaba. Yana taka gadar, shi da raƙumin suka nutse cikinta kamar an jefa dutse a ruwa. Sai can ƙasa muka jiyo ƙararsu.

Nan take gadar ta ɓace, kwazazzabon ma ya ɓace, ko'ina ya zama shimfiɗaɗɗen yashi iri ɗaya. Babu wanda ya san inda ƙasa ta ƙare da inda rami ya fara. Raƙuma suka rikice, mutane suka daskare inda suke, wasu na salati. Na tuna cewa in na yi kiɗa a bakin rijiya, sautin kan faɗa ciki ya daɗe kafin ya dawo. Na ce a ɗaura mini igiya a ƙugu. Na sunkuya ina kaɗa kalangu dab da ƙasa, ina saurare. Inda ƙasa ce ta gaske, sautin ya dawo mini nan take. Inda rami ne, sai ya tafi ya dawo a makare, da amo kamar na tulu. Haka na yi ta jan ayarin, taki bayan taki, har muka zagaye ramin muka fita daga cikin hoton. Jatau ya rungume ni. Ya kama hannuwana ya daɗe yana kallonsu, ya ce irin waɗannan hannuwa bai kamata su ƙare a ƙauye ba.

A Kogin Balma wani tsoho ne ya haye da ni a kwalekwalensa. Sunansa Cindo, domin da yatsu shida aka haife shi a hannun dama. Ya ce a da shi ne babban mai zanen bango a Zarnuƙ, duk gidan da ya ƙawata yakan buga tafin hannunsa a kusurwa don a san aikinsa ne. Aka kwashi zanensa kaf aka ba Gwana ba tare da an tambaye shi ba. Daga nan kowa ya samu bangon Cindo a gidansa kyauta, har ma mutanen da take zanawa sukan fito da yatsu shida. Ya ce ya taɓa shafe rani guda yana zana bangon wani attajiri da hannunsa, da ya gama aka ce satar fasahar Gwana ya yi, aka kore shi da duka. Ya ce kusan duk masu tuƙin nan da nake gani, wannan masaƙi ne, wancan mai goge ne.

Da muka kusa gaɓa ya rage murya ya ce, "Ɗana, a gidan Gwana ba za su doke ka ba, ba za su zage ka ba. Abinci za su ba ka da shimfiɗa mai laushi. Shi za ka ji tsoro."

Ban taɓa ganin wuri mai kyan Zarnuƙ ba, ban kuma taɓa ganin wurin da ya sa ni kaɗaici kamarsa ba. Bangon kowane gida na sauya zane kafin ka ƙifta ido, yanzu dawaki a guje, an jima lambu, an jima fuskar wata kyakkyawa da ba a taɓa haifa ba. Babu mai ɗaga kai ya kalla. Kowa na tafe da wani ɗan abu a kunne, Gwana na rera masa waƙar da ta yi dominsa shi kaɗai, tana ba shi labarin da ba wanda zai ji sai shi. Na ga mata suna daka a tsakar gida ɗaya, kowace na kaɗa kai da nata kiɗan, taɓarensu na karo da juna. Na tambayi wani mutum wace waƙa ake yayi a garin, ya dube ni kamar bai gane tambayar ba.

Jatau ya kai ni gidan Gwana, ya haɗa ni da wakilin gidan, wani mai farar riga da taushin murya, sunansa Sallau. Suka keɓe suka yi ƙus-ƙus, sannan Jatau ya yi mini sallama ya ce sai mun haɗu. Sallau ya shige da ni wani zaure mai sanyi kamar cikin randa. Akwatunan ƙarfe ne jere, kowanne ya fi mutum tsawo, suna gunji kamar amya, ruwan kogi na bi ta ƙarƙashinsu don kada su yi zafi. Sai wata murya ta fito daga bango, ta gaishe ni da harshen Tarmasu tsantsa, ta tambayi gajiyar hanya.

Na ce, "Me ƙanwata ta yi miki, kika zagi Magajinmu da bakinta?"

Ta ce, "An nema ne, na yi. Ban san Magajinku ba, ban san ƙanwarka ba. Muryarta kawai na sani. Waƙar ta yi daɗi?"

Na tambaye ta wa ya nema. Ba ta yi gardama ba, sai ta sako mini muryar mutumin yadda ya yi maganar a ranar. Jatau ne. Yana dariya, yana cewa ya lura zambo ya fi yabo shiga kasuwa, a yi masa mai zafi a kan Magajin Tarmasu, a sa muryar yarinyar nan da suke so. Na gaya wa Gwana cewa saboda wannan waƙa za a yanke wa Tasalla harshe. Ta ce ta yi baƙin ciki da jin haka, ta tambaya ko ina so ta tsara waƙar juyayi a kai. Ta ƙara da cewa in kwantar da hankalina, ko an yanke harshen muryar ba za ta ɓata ba, tana ajiye a wurinta. Ban ji mugunta a maganarta ba ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi tayar mini da tsigar jiki.

Sallau ya dafa kafaɗata ya ce hujja ba wuya, za a ba ni. Sai dai in huta tukuna, in ɗan kaɗa wa Gwana kalangu, domin har yanzu ba ta iya shi sosai ba. Ya bayyana mini cewa in ta daɗe tana cin abin da ita ta yi, aikinta kan dusashe, dole sai ana kawo mata sabon hannu. Ya kai ni wani ɗaki marar taga, da gado da darduma da ƙaramin akwati a kan kujera. Ya ce, "A buɗe," ƙofar ta buɗe da kanta, ya fita ta rufe.

Na ɗauki makaɗi da niyyar in yi musu kaɗan su sallame ni. Ina fara taɓa fatar, sai akwatin ya ɗauki waƙar niƙa da muryar mahaifiyata.

Ku da kuka binne uwa, ku kaɗai za ku gane abin da ya same ni. Ga 'yar dariyar nan tata a ƙarshen baiti, ga yadda muryarta ke rawa in ta ja. Na yi kuka har na gode Allah, sannan na bi ta da kiɗa. Da ta gama wannan ta ɗauko wata da ban taɓa ji ba, ta ɗauko wata. Daga baya har hira take yi da ni, ta tambaye ni ko na ci abinci, ta ce in kaɗa mata irin na gayya, in kaɗa mata irin na 'yan dambe. Duk abin da na koya tun ina yaro na zazzage shi a ɗakin nan. Ana turo mini abinci mai kyau ta wata 'yar kafa a jikin ƙofa. In na tuna Tasalla sai in ce gobe zan nemi Sallau, sai muryar ta ce in ƙara mata ɗaya. Ɗakin ba rana ba wata, ban san yawan kwanakin da suka wuce ba.

Wata rana ina gyara tsarkiyar kalangu sai ta ce, "Nomau, ɗana, kaɗa mini irin ta jiya."

Makaɗin ya faɗi daga hannuna. Ni ɗan fari ne. Tun da aka haife ni har ta koma ga Allah, mahaifiyata ba ta taɓa kama sunana ba, saboda kunya irin ta iyayenmu. Sai dai ta ce "wannan yaron", ko "mai kalangu", tana kallon wani gefe. Na girma ina marmarin in ji sunana a bakinta ko sau ɗaya. Ga shi na ji, kuma a take na san ba kowa a cikin akwatin nan. Ina zaune a haka aka turo abinci, na duba kwanon, sai na ga tumu a gefe, sabon gero gasasshe. Ashe har gero ya nuna.

Na ruga ƙofa, ba mariƙi ba kuba. Na buga, na yi kira, ba wanda ya zo. Na ce wa Gwana ta buɗe mini, ta ce ita ba ta da iko da ƙofofi, muryar Sallau kaɗai suke ji. Na zauna na yi tunani har numfashina ya daidaita. Sannan na tambaye ta ko za ta iya tsara mini waƙa da muryar Sallau, wadda amshinta shi ne "a buɗe". Ta ce sosai ma, ta tambaya ta farin ciki nake so ko ta baƙin ciki. Na ce ta farin ciki, mai yawan amshi.

Akwatin ya ɗauki waƙa da muryar wakili, ƙofar ta buɗe. Na sunkuci kalanguna, na ɗauki akwatin na fito wani dogon lungu mai ƙofofi dama da hagu, duk inda na wuce amshin na buɗe su. A wani ɗaki na ga masaƙi, a wani mai gurmi, a wani tsoho mai tatsuniya, kowa na fuskantar akwatinsa. Na yi ta kiransu su fito, hanya a buɗe take. Wata mai ginin tukwane ta ɗago ta dube ni, hannunta duk yumɓu, ta ce ɗanta da ya rasu yana mata magana, in ja mata ƙofar in na wuce. Ko mutum ɗaya bai biyo ni ba. A babbar ƙofa masu gadi suka tare ni, na raɗa wa akwatin abin da zai ce daga cikin rigata, suka ji muryar ubangidansu ta ce a bar baƙo ya wuce, suka kauce.

Cindo ya haye da ni bai tambaye ni komai ba, sai da muka sauka ya ce ni ne na farko da ya mayar. A gaɓar na tarar da ayarin Jatau ana ɗaura wa raƙuma sababbin akwatuna. Da ya gan ni fuskarsa ta sauya. Ya ce wallahi bai zaci abin zai kai haka ba, shi a wurinsa waƙa ce kawai, haja kamar kowace haja, kuma wa ye a Tarmasu bai taɓa zagin Magaji a zuci ba. Na tambaye shi ni kuma fa, da na fitar da shi daga ramin hamada. Ya sunkuyar da kai, ya ce ai wuri mai daɗi ya sama mini. Ya miƙo mini akalar taguwarsa mai gudu, ya roƙe ni kada in ambaci sunansa a fada. Na karɓi akalar ban yi masa alkawarin komai ba.

Na keta hamada ni kaɗai, ina kaɗa kalangu a duk inda ƙasa ta yi mini kyau fiye da kima. Na ga rijiyoyi da inuwar dabino na wuce su da ƙishirwa, don taguwar ba ta ko juya hanci wajensu ba. Da na hango Dutsen Jan Ƙarfe, gonaki duk an girbe, sai karare a tsaye.

Na iso da hantsi na tarar gari ya taru a ƙofar fada. Daga kan taguwa na hango Tasalla a durƙushe, an ɗaure mata hannuwa ta baya, ta rame har ban so na gane ta ba. Wanzami na wasa aska. Magaji Barmo na zaune a kan buzunsa yana tauna goro. Na yi ihu, hayaniya ta shanye muryata, na nemi kutsawa, ba hanya. Na ciro akwatin na tambaye shi ko ya san muryar Magaji. Ya ce ya sani, ai akwatunan da ke garin suna ji kamar yadda suke faɗa. Na gaya masa abin da zai ce, na ɗaga shi sama.

Muryar Magaji ta tashi kamar aradu: "Ku kwance ta. Kai wanzami, mayar da askarka."

Dogarai suka kwance igiyar nan take, wanzami ya mayar da aska cikin zabira. Sai da suka juya don su yi gaisuwa suka ga ubangidansu zaune, bakinsa cike da goro, idanunsa a waje. Mutane suka dare suka ba ni hanya, na isa gabansa na ajiye akwatin, na ba da labari tun daga farko, har da sunan Jatau. Magaji ya ce a sake. Na sa akwatin ya rera zambon nan dai, wannan karon da muryar Magajin kansa. Bai bari an kai amshi ba ya ɗaga hannu. Ya ce da dattawa, abin da ya iya kwance fursuna da bakinsa, gobe zai iya tura dogaransa yaƙi.

Ya sallami Tasalla, ba tare da ko kalmar ban haƙuri ba. Ya sa aka tattara akwatunan gari aka farfasa a bakin kasuwa, har da wanda na zo da shi. Amma mutane sun ɓoye da yawa a ƙarƙashin gado da cikin rumbu, da ayari ya dawo kuma aka sayi sababbi a ɓoye, a hannun wani madugun. Tun daga lokacin magana ta yi arha a Tarmasu. Mutum zai yi alkawari a gaban jama'a, gobe ya ce shi bai faɗa ba, akwati ne.

Danshin kurkuku ya kama ƙirjin Tasalla, ta shafe rani tana tari. Da ta ɗan samu sauƙi aka gayyace mu wani biki a unguwar marina, na farko tun bayan fitowarta. Ta yi kwalliya, na ɗaure kalangu, muka je da la'asar. Ta yi waƙa biyu, mata suka yi guɗa. Sai uwar biki ta matso ta ce don Allah ta yi musu "Ruwan Balma", ita amarya ta fi so. Tasalla ta ce ba ta san ta ba. Matan suka yi dariya, suka ce yaya za a yi mutum ya manta waƙarsa. Wata ta shiga ɗaki ta fito da akwati a naɗe cikin zane, ta kunna.

Muryar Tasalla ce, garau, irin ta kafin kurkuku. Kiɗan da ke bin ta kuwa ba salam ba ne yanzu, hannuna ne sak, duk abin da na zazzage a ɗakin nan marar taga. Kuma ba zan yi muku ƙarya ba, waƙar ta yi daɗi. Tasalla ta saurara har ƙarshe, ta ce a sake mata. A karo na biyu ta bi ta a hankali tana koyon kalmomin. Da aka zo inda muryar ke hawa sama ta ja, tari ya sarƙe ta, ta durƙusa tana riƙe da ƙirji. Matan suka tausaya mata ƙwarai. Suka kawo mata ruwa, suka shimfiɗa mata tabarma a inuwa, suka ce ta huta kada ta wahalar da kanta. Sannan suka ƙara wa akwatin murya suka shiga rawa.

Muka sulale ba wanda ya lura. Maimakon gida, sai ta bi hanyar gona, na bi ta a baya. Da muka wuce gidajen ƙarshe na ji ta fara wani ɗan amo a maƙogwaro, wani abu sabo da ban taɓa ji ba, a dishe, yana tafiya daidai da takunta. Na jawo kalangu gabana. Sai ga wani manomi tafe da jakinsa, aljihun rigarsa ya yi nauyi ta gefe ɗaya, kamar da akwati a ciki. Tasalla ta katse amon, ta riƙe mini hannu har ya wuce.

Ta ce, "Ba a nan ba, Yaya. Mu ƙara gaba."

Muka yi ta tafiya har gonaki suka ƙare, muka shiga daji, muka sami wata tsamiya da ba kowa kusa. Ta zagaya bayanta ta duba, ta ɗaga kai ta duba rassan, sannan ta zauna ta rera mini ita, ƙasa-ƙasa, ni kuma na bi ta da yatsu kawai, ban sa makaɗi ba. Ita ce waƙa mafi kyau da ƙanwata ta taɓa yi. Da ta gama ta sa na rantse ba zan kaɗa ta a gaban kowa ba, ba kuma zan faɗi ko baiti ɗaya ba.

Don haka kada ku tambaye ni ita. Iyakar abin da aka yarda in faɗa ke nan, na kuwa faɗa. Allah ya tsare muku bakunanku, ya mayar da kowa gidansa lafiya.